Ramin Rini Mai Murya Uku

A zamanin da Zangon Baba yake cike da marina, akwai wani ramin rini a gefen karofi, wato filin da marinan ke aiki, wanda ba mai zuba masa baban rini. Ramin nan waƙa yake yi. Da rana ta take tsaka, kowa ya shige inuwa, sai a ji muryoyi uku suna tasowa daga cikinsa a tare: ɗaya can ƙasa kamar gurnani, ɗaya a tsakiya, ɗaya siririya a sama. Babu kalma ko ɗaya a ciki, kuma ba wadda take rera abin da 'yar'uwarta ke rerawa, amma in suka haɗu sai tsikar jikin mutum ta tashi, ya rasa kuka zai yi ko dariya. Mutanen garin sun san maganin abinsu. In hanya ta bi da su ta nan, sai su toshe kunne su ƙara sauri.

Zabiyar garin a lokacin Yalwa ce, mace mai murya da ji da kai, wadda ba ta taɓa yi wa wani mahaluki amshi ba tun da uwarta ta haife ta. Ƙanwarta Hansai ita ce babbar 'yar amshinta. Duk abin da Yalwa ta rera, kafin ta gama sauke shi daga baki Hansai ta cafe, a kan murya ɗaya tak, har ba ka gane inda wannan ta tsaya waccan ta ɗauka. Haka ake amshi, kuma da haka ake yabonta. Ita dai ba ta taɓa ɗaga waƙa da kanta ba, ga ta da tsoro, ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai ta yi salati.

Wata rana suna dawowa daga gidan biki, ɗauke da ƙoren kiɗansu, rana ta ritsa da su daidai karofi, ramin kuwa ya fara. Hansai ta sa yatsu a kunne, Yalwa ta ja ta tsaya.

"Yaya, don girman Allah mu wuce," in ji Hansai.

"Ke rabu da ni. Kin ji ta saman nan? Wai ita a dole siririya. Ai ni ma ina kaiwa can."

Ta gyara tsayuwa ta ɗaga murya. Muryarta ta hau kan ta ramin daidai, ba sama ba ƙasa. Nan take jikinta ya fara komawa shuɗi, ya yi shara-shara har Hansai tana hango katangar karofi ta cikin ƙirjinta, sannan ramin ya zuƙe ta kamar yadda ake zuƙar kunu. Takalmanta da ƙwaryarta kaɗai suka rage a bakin ramin.

Ihun Hansai ya tara garin. Maza suka cika wurin, kowa da shawara, wannan ya ce a kawo igiya, wancan ya ce a kira malam, amma ba wanda ya tuɓe riga. Hansai ta kasa kunne, sai ta ji muryar saman nan ta sauya. Yanzu akwai wata 'yar karkarwa a cikinta, irin wadda Yalwa ke yi in numfashinta ya kusa ƙarewa. Tana raye ke nan. Kada wani ya ce jarunta ce ta motsa Hansai. Tsoron ta koma gida ita kaɗai ta gaya wa Iya mahaifiyarsu, tsohuwar da ba ta da kowa a duniya sai su biyu, shi ne ya fi ƙarfin tsoron ramin. Ta ɗaure zani, ta rufe ido, ta yi bismillah ta faɗa.

Ta daɗe tana faɗuwa kafin ta dira a kan wani yashi shuɗi mai laushi. Sama shuɗiya, itatuwa shuɗɗa, hasken wurin ma shuɗi ne, kuma komai ƙara yake yi a hankali, har duwatsu. A gindin wata bishiya wata tsohuwa tana zaune da molo mai tsirkiya uku. Wuyanta ya fi tsawon taɓarya, kuma tun daga haɓa har ƙirji bakuna ne ƙanana a jere, na maza da na mata, kowanne yana motsi. Hansai ta so ta gudu, ba wurin zuwa, sai kawai ta zube ta gaishe ta.

Tsohuwar ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wace ƙaddara ta jefo ki ƙasar Amo?"

"Allah ya ja zamaninki, Kaka, yayata na biyo. Ramin rini ya haɗiye ta."

"Ramin bai haɗiye kowa ba. Ita ta hau kan muryar da ba tata ba. Ki sani, a ƙasar nan duk muryoyi biyu da suka zama ɗaya, masu su ma ɗaya suke zama. Dubi wuyana. Ba wanda na cinye da mugunta a cikinsu, duk amshi suka yi mini. Yayarki tana Birnin Ginshiƙai, rabinta ya riga ya shige jikin Ginshiƙin Sama. In ya gama shanye ta, ko sunanta ba zai rage ba. Ke mene ne sana'arki?"

Hansai ta ce, "Amshi."

Duk bakunan wuyan tsohuwar suka fashe da dariya a tare, har da masu tari. Da ta lafa ta ce, "To, kin zo da ajalinki a baki. Matso in gwada ki, don ba mai wuce ni sai muryarsa ta zauna da tawa."

Ta kaɗa tsirkiya ɗaya ta riƙe sautin da murya. Kafin Hansai ta yi tunani, maƙogwaronta ya riga ya yi abin da ya saba, ya tafi kai tsaye wurin sautin. Sai ta ji hannunta na dama ya yi sanyi. Ta duba, yatsunta sun fara narkewa suna miƙewa zuwa wuyan tsohuwar, wani sabon baki kuma yana tsagowa a ƙarƙashin haɓarta, mai wushirya irin ta Hansai. Ta ƙwalla ƙara, ƙarar ta fizge ta daga sautin, yatsun suka dawo. Ta kwanta a kan yashin tana kuka da majina.

"Tashi," in ji tsohuwar. "Kuka ma murya ce, kada ya faɗa kan tawa. Saurara da kyau. Murya tsani gare ta, mataki bisa mataki. Matakin da nake kai nawa ne, in kika taka shi kin mutu. Wanda yake manne da shi maƙwabcin faɗa ne, in kika zauna a kansa ƙasa za ta tsage. Tsallake shi, ki zauna a na gaba."

Ta sake kaɗawa. Hansai ta ɗaga murya kaɗan, ta sauka a kan maƙwabcin, sai sautukan biyu suka kama kokawa, haƙoranta suka yi tsami, yashi ya fara darewa a ƙarƙashinta. Ta ƙara turawa sama da ƙyar. Kwatsam sai komai ya kwanta. Muryarta daban, ta tsohuwar daban, amma sun jingina da juna, wani daɗi mai ban tsoro ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa. Riƙe wurin shi ne wahala, don muryar tsohuwar sai janyo ta take yi, ita kuma duk rayuwarta bin ja ta iya.

Tsohuwar ta kaɗa tsirkiya ta uku, wadda ta tsallake mataki ɗaya sama da Hansai, sai ga muryoyin ramin nan uku cif. Ta ce, "Wannan shi ne zama. Kin taɓa ganin duwatsun murhu sun manne da juna? Kowanne da wurinsa, shi ya sa tukunya take zama. Na ƙasa Tushe, na tsakiya Ciki, na sama Kai. Tashi ki bi yashin nan har kogi, kuma kada ki gode mini da waƙa."

Hansai ta yi ta tafiya tana waiwaye har ta isa wani kogi mai faɗi, rabinsa na kusa fari kamar nono, rabinsa na can baƙi ƙirin. A bakinsa akwai kwalekwale ba matuƙi, kwaɗi biyu manya kamar tanderu suna zaune ɗaya a goshi ɗaya a baya, idanunsu jajur.

Na baya ya ce, "Ya ke bil'adama, ni ne Tushe a jirgin nan, ɗan'uwana shi ne Kai. Ba mu da Ciki. Wanda muke da shi ya yi kuskure a tsakiyar ruwa, kifaye sun raba shi. Shiga ki zauna a wurinsa."

"Ranka ya daɗe, wane irin kuskure?"

"Farin ruwa ba ya ɗaukar kowa sai da zaman murna. Baƙin ruwa ba ya ɗaukar kowa sai da zaman makoki. Mu biyu ba ma motsi daga inda muke. Murna da makoki duk a bakin Ciki suke."

Hansai ta shiga tana karanto duk addu'ar da ta sani, kwaɗin suka buɗe baki, ɗaya ƙasa ɗaya sama, ta lalubo wurinta a tsakaninsu. Jirgin ya zabura. Ruwan yana walƙiya, sautin yana da haske kamar safiyar salla, har ta ji murmushi yana neman kama ta. Suna taɓa baƙin ruwan sai jirgin ya tsaya cak, ya fara nutsewa. Ruwa ya kai mata idon sawu, ya kai gwiwa, wasu abubuwa masu sanyi suna shafar ƙafafunta. Ta tura murya sama, ruwan ya ƙara hawa. Ta tuna Yalwa, ta tuna takalman nan biyu a bakin rami, sai maƙogwaronta ya karye, muryar ta zame ƙasa 'yar kaɗan, ko cikakken mataki ba ta kai ba. Nan take sautin gaba ɗaya ya koma na gidan rasuwa. Jirgin ya taso, ya ci gaba a hankali, kwaɗin suna hawaye, ita ma tana yi.

A ɗaya gaɓar kwaɗon baya ya ce, "Rabin mataki ne tsakanin biki da zaman makoki, 'yar Adam. Wanda ya riga ki cikakken mataki ya sauka. Je ki, mun sallame ki."

Daga nan hanya ta shiga tsakanin duwatsu biyu masu tsawo, kowanne da fuska irin ta mutum. Ihu suke yi wa juna a kan matakai biyu maƙwabta, kuma da ƙarar ta tsananta sai su gwabza kai, wuta ta tashi. Ƙasusuwan waɗanda suka gwada wucewa a guje sun zama gari a mashigin. Wata kura mai rawani tana kwance a gefe tana sakace.

"Ya ke baƙuwa," in ji kurar, "ni ce mai tsaron mashigi, kuma abin da duwatsu suka bari shi ne abincina. Amma doka ta hana ni ɓoye gaskiya. Faɗan nan da kike ji ba shi ne masifa ba. Masifar ita ce ya rasa inda zai sauka. Duk faɗan murya gida yake nema. Nuna wa ɗayansu hanya su buɗe miki, ko ki tsaya in jira ki, ba na sauri."

Hansai ta saurara, kanta kamar zai rabe. Ta gane in dutsen da ke ƙasa ya sauka mataki ɗaya, za a sami tsallake a tsakaninsu. Amma ta yaya ake nuna wa dutse hanya? Sai ta rera sautin da take so ya koma, ta riƙe shi tana kallonsa. Dutsen ya juyo da ido, muryarsa ta fara gangarowa zuwa gare ta. A nan ta tuna abin da zai faru in ya iso ya same ta a wurin. Ta jira har ta ji sanyi ya fara kama yatsunta, sannan ta datse muryarta. Dutsen ya zauna a inda ta bari. Faɗan ya narke, duwatsun suka yi ajiyar zuciya suka ja da baya, ta bi ta tsakaninsu da gudu, kurar tana tsaki a bayanta.

Birnin Ginshiƙai a cikin wani kogo yake, kuma rufinsa dutse ne guda ɗaya wanda ya fi Zangon Baba da gonakinsa faɗi. Ba abin da ya tokare shi. A tsakiyar fili wasu ƙattai uku suna tsaye, kawunansu ba su ma kai rufin ba, bakunansu a buɗe, muryoyinsu ne suke riƙe da dutsen a sama. A ƙirjin na ukun, Ginshiƙin Sama mai riƙe da sautin Kai, Hansai ta hango Yalwa. Ta nutse har kafaɗu, idanunta a kafe, bakinta a buɗe a kan sautin nan guda. Hansai ta ƙwala mata kira, ko gezau.

Aljanun birnin suka kewaye ta, masu kunnuwa kamar faifai, suka kai ta gaban Magajiyar Amo, wadda ke zaune a kan wata ƙatuwar ganga, fuskarta a lulluɓe.

"Ya ke Hansai 'yar amshi," in ji Magajiya, "labarinki ya riga ki isowa. Yayarki ba fursunata ba ce, kuma ba ni da ikon cire ta. Ta manne a kan sautin Kai. In Kai ya tashi daga sautin, zai bar ta a nan ita kaɗai, ki ɗauki abarki. Amma tun da aka kafa birnin nan ginshiƙaina ba su taɓa motsawa ba. In kin iya, tashe su, ki kai su wani zama, sannan ki dawo mini da su gida. In faɗa ya daɗe a tsakaninsu, rufin nan zai sauko a kanmu duka."

"Ranki ya daɗe, ni ban taɓa tsara waƙa ba. Bi kawai na iya."

"To yau za a bi ki. Kuma ginshiƙaina ba sa sauraron mai magana. Za ki ajiye kalmominki a wurina, murya kaɗai za ki tafi da ita, sai kin taka ƙasarku su koma bakinki. Kin yarda?"

Hansai ta kalli Yalwa, wadda a lokacin nan ma wuyanta ya fara shiga. Ta ce, "Na yarda." Ita ce magana ta ƙarshe da ta yi a ƙasar nan, don Magajiya ta miƙa hannu ta zare wani abu daga harshenta kamar zare.

Ta tsaya a gaban ƙattan uku, ita kamar tururuwa. Ta yi lissafi a zuci: Tushe ya tsaya inda yake, Ciki ya hau ɗaya, Kai ya hau ɗaya, za su sami sabon zama ba tare da kowa ya yi nisa ba. Ta ɗaga wa Tushe hannu alamar ya tsaya. Ta rera wa Ciki matakin da ke samansa, ta tsere kafin ya iso. Da ya hau sai ya zama maƙwabcin Kai, rufin ya yi wata ƙara, tsakuwa ta fara zubowa, aljanu suka kifa da fuska. Ta juya da sauri ta rera wa Kai nasa matakin. Ƙaton ya yi nauyi, ya ƙi, ya yi kamar bai ji ba. Wani dutse ya faɗo ya ragargaza rumfa a bayanta. Ta ƙara ƙarfi har ta ji ɗanɗanon jini, sai ya ɗago, ya taho, ta kauce masa da ƙyar.

Sabon zaman ya buɗe, faffaɗa, kamar an fito da mutum daga ɗaki zuwa fili. Yalwa ta suɓuto daga ƙirjin Kai ta faɗo ƙasa tim, har yanzu tana rera tsohon sautinta, wanda yanzu ya zama maƙwabcin faɗa ga Ciki da Kai duka. Rufin ya tsage daga wannan gefe zuwa wancan. Hansai ta yi tsalle ta faɗa kanta ta toshe mata baki da tafin hannu, ƙarar ta tsaya.

Sauran mayar da su gida, ga shi ƙattan sun ɗanɗana yawo. Ta nuna musu tsohon wurinsu, suka kau da kai, sabon zaman ya yi musu daɗi. Tsagar rufin kuwa sai ƙara buɗewa take yi, don ba da wannan zama aka gina birnin ba. Hansai ta gane ba za su nemi gida ba sai zaman waje ya yi musu zafi. Hannunta ɗaya a bakin Yalwa, ta saukar da Tushe mataki ɗaya, ta saukar da Kai ya koma tsohon sautinsa, ta bar Ciki manne da shi da gangan. Abin da ya fito ba a iya tsayawa a cikinsa. Duk birnin ya karkata, kowane kunne yana roƙon a sauke shi, ƙattan suna zufa suna kallonta. Ta bar su a haka daidai numfashi ɗaya mai tsawo, sannan ta sauke hannu. Tushe ya hau da kansa, Ciki ya sauka da kansa, suka faɗa gida. Tsagar rufin ta haɗe kamar ba a taɓa yi ba.

Magajiya ta yaye lulluɓinta, sai ga shi ba ta da fuska sam, kunne ne guda ɗaya babba. Ta ce, "Mun shekara aru-aru muna jin sauti, yau muka ji waƙa. Ɗauki yayarki. Hanyar fita a bayan gangata take, rijiya ce mai hawa sama har ramin rininku. Ba ta da matakala sai wadda muryoyi biyu suka gina. Muddin kuna zaune lafiya da juna, mataki zai fito a ƙarƙashin ƙafarku. In kuka yi shiru ko kuka yi faɗa, zai ɓace. Dokar ƙasata kuma tana kanku har sai kun fita daga bakin ramin."

Yalwa tana tsaye amma hankalinta bai dawo ba, kuma ita ma ba kalma a bakinta. Hansai ta riƙe haɓarta, ta cire hannu daga bakinta, sautin nan ya fito, ita kuma ta shiga ƙarƙashinsa da tsallake ɗaya. Mataki ya fito daga jikin bango. Suka hau. Sauti ɗaya mataki ɗaya yake bayarwa, don haka dole waƙar ta yi tafiya. In Hansai za ta hau sai ta ɗaga haɓar Yalwa, in za ta sauka sai ta danna ta ƙasa, muryoyin biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa ba sa taɓa juna. Ƙasa ta yi nisa har ta ɓace, duhu a ƙarƙashinsu, matakan baya suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Tun Hansai tana lalube har waƙa ta fara zuwa mata da kanta, tana fita tana juyawa tana komawa gida, irin wadda ba a taɓa ji a Zangon Baba ba. Tsoro bai sake ta ba ko kaɗan, amma a ƙarƙashin tsoron ta ji wani abu mai kama da alfahari.

Can sama wani ɗan haske fari ya bayyana, ya yi ta girma, har suka fara jin hayaniyar mutane da warin tsohon baba. Hasken ya sauka a fuskar Yalwa, ta ƙifta ido. Ta dubi ramin da ke ƙarƙashinsu, ta dubi hannun da ke riƙe da haɓarta, ta dubi ƙanwarta, matsoraciyar nan, leɓe a fashe, tana jan waƙa a gaba. Idanunta suka cika da hawaye. Hansai ta ga ta farfaɗo, farin ciki ya kama ta, ta saki haɓar don ta kama bakin ramin, wanda ya rage kamu ɗaya hannunta ya kai.

Ta kawo ƙarshen baitin, ta ja sautin ƙarshe ta riƙe, kamar yadda kowace zabiya take yi a inda 'yan amshi za su karɓa. Ba da niyya ta yi ba, haka kunnenta ya san waƙa tun tana goye. Yalwa kuwa ba ta san dokar ƙasar ba, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da ya kama ta. Abin da ta sani shi ne ƙanwarta ta ɗaga waƙa, kuma ba ta da kalmar da za ta gode mata. Sai ta yi mata girmamawar da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Ta bar wurinta, ta sauko, ta cafe sautin daga bakin Hansai, daidai, ba sama ba ƙasa.

Hansai ta zaro ido tana girgiza kai. Sanyin ya riga ya kama su.

Mutanen da ke bakin ramin suka ga hannu ya fito ya kama gefe, suka jawo shi da kabbara. Mace ɗaya ce ta fito. Suka leƙa, suka zura igiya, ba kowa. Wasu suka ce Yalwa ce, ga tsayinta, wasu suka ce Hansai ce, ga wushiryarta, sai gardamar ta mutu a bakinsu, kowa ya fara ja da baya.

An riga an kai wa Iya labari, ta zo tana dogara sanda. Ta ratsa mutane ta tsaya a gaban matar, ta daɗe tana dubanta.

"Yalwa?" in ji ta.

"Na'am, Iya."

Muryoyi biyu ne suka fito daga baki ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a jingine da juna, da daɗin da ya sa mata suka fashe da kuka.

Iya ta sake kira, "Hansai?"

"Na'am, Iya."

Tsohuwar ta kama hannunta ta riƙe gam. Aka yi ta ba ta baki ta tashi a tafi gida, ta ƙi. Ta zauna a bakin ramin, 'yarta a hannu, idonta a ƙasa, tana jiran ɗayar ta fito.